Kaset ko layin tarho: wanne ya fi kai fayil lafiya a shekarun 1970?

Ɗan uwa ya tambaya: masu harhaɗa ƙananan kwamfutoci a gida a Amurka, tsakanin 1975 da 1980, idan za su ba juna manhaja, kaset ya fi ko modem, wato na'urar da ke tura bayanan kwamfuta ta layin tarho, kuma wanne ya fi sauri?

Malam, in kaset mai bin tsarin Kansas City ne, wajen sauri kusan kunnen doki suka yi. A watan Nuwamba 1975 mujallar Byte ta kira taro a Kansas City, aka tsayar da yadda za a riƙa naɗar bayanai a kaset: sifili zagaye huɗu ne na sautin Hz 1200, ɗaya kuma zagaye takwas na Hz 2400, bit 300 a sakan (bit shi ne sifili ko ɗaya guda). Kowane bayit, wato bit takwas, yana da ƙarin bit ɗaya a gaba da biyu a baya, 11 ke nan, sai ya zama bayit 27 a sakan. Fayil mai kilobayit 8 zai ci minti biyar. Modem irin Bell 103 shi ma bit 300 ne, bit 10 ga kowane bayit, wato bayit 30 a sakan, amma in ka cire abin da tantancewa ke ci, minti biyar ɗin dai za ka zauna.

Inda suka rabu shi ne idan kuskure ya shiga.

Kaset ba ya jin kira. Yana juyawa ne kawai, kwamfuta ba ta da ikon ce masa ya maimaita. Bit ɗaya ya lalace, sai ka mayar da shi farko ka sake. Abubuwan da ke jawo haka sanannu ne. Ƙarar rakoda in ta yi ƙasa kwamfuta ba ta ji, in ta yi yawa sautin ya dagule, shi ya sa in aka dace da wurin da ya yi daidai ake sa masa alama. Hed ɗin rakodarka, wato ɓangaren da ke karanta zaren kaset, kuma ba lallai ya daidaita da na wanda ya naɗa ba, kuma sauti mai tsini, na Hz 2400, shi ke fara dusashewa. Maganinsa ƙaramar sukudireba: a juya ɗan sukurun da ke gefen hed a hankali har sautin ya fito tas, a goge hed da auduga da sifirit. Dogon kaset irin C-90 da C-120 zarensa siriri ne, yana miƙewa, gara gajere. Sannan akwai mantuwar da ta ci mutane da yawa: fara naɗa a kan farar ledar nan ta farkon kaset, wadda ba ta ɗaukar komai.

A ɓangaren modem kuwa, XMODEM, tsarin tura fayil da Ward Christensen ya rubuta a 1977, awo yake yi mudu-mudu, sai mai karɓa ya ce ya cika a zuba na gaba. Mai karɓa ne ke fara aika alamar NAK, wadda a nan ke nufin a fara turowa. Mai aikawa ya turo ƙunshi mai bayit 132: alamar farawa, lambar ƙunshin, kishiyar lambar, bayit 128 na fayil, da bayit ɗaya na jimlar waɗannan 128 ɗin, don tantancewa. Girman 128 ɗin daga CP/M, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutoci da yawa a lokacin, ya samo asali, don da haka yake auna fayil. Mai karɓa ya yi nasa lissafin, in ya dace ya ce ACK, in bai dace ba ya ce NAK a sake turo wannan ƙunshin kaɗai, har sau goma kafin a haƙura. Ƙarar layi ta ɓata maka sakan biyar ke nan, ba minti biyar ba.

Shi ma yana da nasa rauni. Jimlar bayit ɗaya ba ta gane kurakurai biyu da suka soke juna, dalilin da ya sa daga baya aka koma CRC, lissafin tantancewa mai bit 16. Ba ya aika sunan fayil ko girmansa, ƙunshin ƙarshe sai a cike shi da Ctrl-Z, alamar ƙarshen fayil ɗin rubutu a CP/M. Ga kuɗin tarho, ga kuma sharaɗin cewa ɓangarorin biyu su mallaki manhajar tun farko.

Akwai kuma batun jituwa. Kwamfutocin Apple II, Commodore PET da TRS-80 duk a 1977 suka fito, kuma babu wanda ya bi tsarin Kansas City a cikinsu, kowa da nasa sautin. Kaset ɗin PET ba shi da amfani a TRS-80. Modem bai damu da irin injin ba, kodayake isowar fayil lafiya ba ta sa manhajar da aka rubuta wa Z80, ƙwaƙwalwar TRS-80, ta yi aiki a 6502, ƙwaƙwalwar Apple II da PET.

Don haka in injinku iri ɗaya ne kuma kuna haɗuwa a taron ƙungiya, kaset ya fi, don rakodar gida ta wadatar. In da nisa, ko injin ya bambanta, modem ne. In kuwa kayan na da yawa, duka biyun sun gaza faifan fulofi mai inci 8 na tsarin IBM 3740: layi 77, kowanne yanki 26 na bayit 128, jimla bayit 256,256. Tura wannan ta modem sai ya haura awa biyu, shi ya sa ƙungiyoyin masu amfani da CP/M suke sa faifan a ambulan su kai gidan waya.