Sef ɗin ajiye bindiga da na saya, bayan wata takwas ina amfani da shi

To jama'a, tun da na samu lasisin bindigar farauta ake tambayata wane irin akwatin ƙarfe na saya, bari dai yau in faɗa gaba ɗaya in huta. Sunan kamfanin ba zan kama ba, irinsa sun cika kasuwa, kusan duk ƙira ɗaya ce fenti ne kawai ya bambanta. Dogo ne siriri, tsayinsa wajen mita ɗaya da rabi, ƙofa mai kaurin milimita 3, jiki milimita 2, da makulli mai lambobi da ake dannawa, sai wani ƙaramin aljihu a sama mai ɗan makullinsa daban na zuba harsashi.

Abin da yawancin masu shirin sayen bindiga ba su sani ba shi ne, a ƙasashe da yawa sef kake fara mallaka kafin bindigar, don sai an ga inda za ka ajiye ta sannan a sa hannu a takarda. A Ingila jami'in 'yan sanda ne ke zuwa har gida ya duba, kuma suna da ma'aunin da ake kira BS 7558 na irin waɗannan akwatuna. Japan kuwa sun fi kowa tsanani, bindiga akwatinta daban, harsashi akwatinsa daban, 'yan sanda sai sun san inda kowanne yake, kuma duk shekara 3 ka sabunta lasisi. Saboda haka kafin ka biya kuɗi ka fara duba abin da dokar inda kake ta nema, kar ka kwaso wanda za a ce maka bai yi ba ka tsaya kana kallonsa kamar tsohon firji.

A jikin kwali sun rubuta wai yana cin bindiga biyar. Ƙarya ce wallahi, sai dai in sanduna za ka jera. Tawa mai baki biyu ce 12 goji (ma'aunin faɗin bakinta kenan), na sa ta, wani abokina mai lasisi ya kawo raifal ɗinsa mai madubin hange muka gwada, daga nan wuri ya ƙare, ta uku ma sai da dabara kuma suna gogar juna. Ni ɗaya gare ni, bai dame ni ba, amma mai niyyar ƙarawa ya raba lambar da suka rubuta biyu.

Inda na fi so in daɗe shi ne maganar kafewa a bango. Nauyinsa bai wuce kilo 40 ba in babu komai ciki, ma'ana ƙarti biyu za su iya sungumarsa su fice su je su fasa a tsanake, duk kaurin ƙofar nan da ake talla da shi ya tashi a banza kenan. Shi ya sa a jihohin Ostireliya da dama doka ta ce duk sef ɗin da bai kai kilo 150 ba dole a ɗaure shi da ginin. Akwai huda huɗu a baya biyu a ƙasa, wannan sun kyauta, amma kusoshin da suka haɗo da su gajeru ne, na ɗaure na jijjiga sai ga garin siminti na zubowa. Sai da na sayo dogaye na sake hudawa. Ranar da jami'in da zai duba sef ɗina ya zo ko kallon fenti bai yi ba, hannu biyu ya sa ya kama saman ya ja da ƙarfinsa, bai motsa ba, sannan ya ce in buɗe, ya haska lambar da ke jikin bindigar ya haɗa da ta takarda, ya duba babu harsashi a ciki.

Sai ya jefo tambaya, ban da kai wa ya san lambar? Na ce babu. Ya ce har madam? Na ce har ita, kuma gaskiya ce, duk da mun ɗan yi 'yar tsama a kan haka. Ba rashin yarda ba ne, lasisi sunan mutum ɗaya yake ɗauke da shi. A Ingila an taɓa hana wani sabunta lasisinsa don kawai ya gaya wa mahaifiyarsa inda makullin yake, har kotu aka je kuma bai yi nasara ba.

Makullin lambobin kuwa gashi nan dai. Batir huɗu yake ci, yana ƙara ɗit ɗit duk dannawa kuma ban ga yadda ake kashe ƙarar ba, in ka yi kuskure sau uku ya kulle na wasu mintuna. A wata na shida batir ya mutu ba gargaɗi, Allah ya taimake ni ban yi wautar barin makullin ko-ta-kwana a cikin sef ɗin ba. Da zan sake saye, mai makulli zalla zan ɗauka.

Laima ma ta so ta yi min ɓarna. Ƙarfe a rufe a jikin bango mai sanyi, bayan sati biyar na ciro bindigar na ga ɗigo-ɗigon tsatsa kusa da bakin. Yanzu ina shafa mai kaɗan kafin in mayar, na kuma jefa jakar silika irin mai canja launi in ta sha ruwa, sai a gasa ta ta bushe a mayar. Su kamfanin ko kalma ɗaya ba su rubuta a kan wannan ba.

Tauraro uku da rabi cikin biyar nake ba shi. Ƙaramin ɗana ya taɓa tsayawa yana danna lambobin yana jin daɗin ƙarar har makullin ya kulle, yaron ya gaji ya tafi wasansa, ni kuma na jira mintunan suka cika.