Sharhi: Sarƙar gwal ƙirar hannu mai jajayen duwatsu, bayan wata 6 a wuya

Sarƙar karat 18 ce, mai hatimin 750 a jikin maƙullinta, wato kashi 75 cikin 100 zinare ne, sauran azurfa da jan ƙarfe. Tsawonta santimita 45, da jajayen duwatsun ado da ake kira ganet guda 7 masu faɗin milimita 4. Maƙerin ya yi daidai da ya hana a yi ta da karat 22. Gwal karat 22, mai hatimin 916, ya fi kyan launi, amma laushinsa ba ya barin ƙafafun da ke riƙe dutse su daɗe a tsaye.

Aikin wuta ya yi kyau ƙwarai. An ja wayar, an naɗe zobba, an like bakin kowane ɗaya, har yau babu wanda ya buɗe kuma mahaɗin bai yi duhu ba, alamar ba a yi ha'inci a abin likin ba. Sai da aka gama liki da gogewa kafin a ɗora duwatsun, domin zafin wuta na iya fasa dutse ko ya sauya masa launi.

Matsalar tana wurin zaman duwatsun. Kowanne an kama shi da ƙafa huɗu, kuma ba a murza kawunansu sun yi sumul ba. Ga mai yafa gyale kullum, wannan babban aibi ne: ƙafar tana kama zare, a fizge, ta ɗan ɗaga. A wata na huɗu dutsen tsakiya ya fara motsi. In an kai shi kusa da kunne an ɗan ƙwanƙwasa da farce, ana jin ƙas-ƙas. Gyaran bai wuce minti goma ba, amma da an zagaye dutsen da bakin gwal baki ɗaya, da hakan bai faru ba. Humra kuma tana taruwa a bayan duwatsun ta dusashe su, sai an wanke da ruwan ɗumi, sabulu kaɗan da buroshi mai laushi.

'Yar'uwa, in za ki ba da irin wannan aiki, ki sa a auna gwal ɗin a gabanki kafin a ɗora duwatsu, a rubuta giram ɗinsa daban a rasit. Ranar sayarwa, mai saye zai cire nauyin dutse da kuɗin ƙira, gwal ɗin kaɗai zai biya.