Allon bibiya ko allon nazari: wanne ya dace da aikin awo a LabVIEW?

Wani ɗan'uwa daga Marwa ya yi tambaya a zauren nan cewa ya haɗa ma'aunin zafi a bayan faifan sola, ya kuma haɗa wani a kan batir, yana karɓar awo ɗaya a kowace daƙiƙa ta manhajar LabVIEW, wadda ake zana shirin awo a cikinta ta hanyar haɗa akwatuna da wayoyi a fuskar kwamfuta. Da ya dawo da la'asar domin ya ga yadda zafin ya hau tun safe, sai ya tarar allon ba ya nuna komai sai 'yan mintocin ƙarshe. Yana son ya san ko Waveform Chart ya kamata ya ci gaba da amfani da shi, ko kuwa ya koma ga Waveform Graph.

Malam, na'urarka lafiyarta ƙalau, kuma shirin da ka zana bai lalace ba. Abin da ya faru shi ne ka ɗora wa allo ɗaya aikin da aka yi ɗan'uwansa dominsa. Waveform Chart, wanda masu manhajar Faransanci suke gani da sunan graphe déroulant, ni ina kiransa allon bibiya, domin yana karɓar awo ɗaya bayan ɗaya yana ɗora sabo a kan na baya. Yana da ɗan rumbu na kansa wanda, idan ba ka taɓa shi ba, ɗigo 1024 kawai yake riƙewa. Idan ka raba 1024 da 60 za ka samu minti 17 da 'yan daƙiƙu, kuma abin da ka tarar da la'asar ke nan. Duk awon da ya riga wannan an ture shi domin sabo ya samu wuri. Waveform Graph kuwa, wato allon nazari, ba ya tuna komai. Ana miƙa masa jerin awo gaba ɗaya ya zana shi a lokaci guda, kuma da zarar an miƙa masa wani jerin sai ya goge na farko.

Wannan bambanci yana komawa ga yadda bayanan suke tafiya a cikin wayoyin shirin, shi ya sa dole a yi maganar jeri da ƙunshi. Jeri, wanda manhajar ke kira Array, tarin abubuwa ne masu iri ɗaya, kamar buhunan gero da aka jera a sito, kowanne da lambarsa, kuma lambar farko sifili ce, ba ɗaya ba. Tsawonsa yana iya ƙaruwa yayin da shiri ke gudana. Ƙunshi kuwa, wato Cluster, ya fi kama da ƙullin kayan miya da ake sayowa a kasuwa: zafi, ƙarfin batir, sunan ma'auni da lokacin awo duk a leda ɗaya, kowanne da irinsa, amma yawansu da tsarinsu ba sa canzawa bayan an ƙulla. Idon mai zana shiri yakan gane su tun daga waya, domin wayar awo guda siririya ce, ta jeri ta fi kauri, launin ruwan lemo alamar lamba mai ɗigo ce, shuɗi kuma alamar cikakkiyar lamba.

To, a allon bibiya, idan kana son layin zafi da na batir su fito tare, sai ka ƙulla awon biyu da kayan aikin Bundle a kowane zagaye ka aika masa, kuma wurin allon yana cikin madauki (loop), wato sashen shirin da ke maimaita karatun. Allon nazari ya fi dacewa a wajen madaukin, inda yake jiran jerin da aka tara. Idan layi biyu kake so, sai ka ba shi jeri mai sahu biyu, kowane sahu layi guda. A nan akwai wani ɗan tarko da yake kama ɗalibai da yawa. Madaukin For yana tara awon da ya fita ta bakinsa ya mai da shi jeri da kansa, amma madaukin While ba ya yin haka sai ka kunna masa, in ba haka ba awon ƙarshe kaɗai zai miƙo maka. Haka kuma allon nazari yana ɗauka cewa tazarar da ke tsakanin kowane ɗigo biyu daidai take, don haka ana ba shi lokacin farawa da tazarar tare da jerin. Idan awonka yana zuwa ba a kan ƙa'ida ba, ko kana son zana ƙarfin batir a kan zafi maimakon a kan lokaci, XY Graph ne mafita.

Wani zai ce ai sai a faɗaɗa rumbun allon bibiya a huta, tunda yini ɗaya daƙiƙa 86,400 ne kawai. Ana iya yin hakan ta Chart History Length, kuma kwamfuta za ta ɗauka, domin kowane awo bayit 8 yake ci, jimillarsu ba ta kai megabayit ɗaya ba. Amma ban ba ka wannan shawara ba. Na taɓa barin awon famfon rijiya yana gudana a Garwa tun hantsi, cikin zafin watan Afrilu, na dogara ga abin da allo ya riƙe; da azahar aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar ya ƙare, na dawo na sami baƙin gilashi da ƙura a kansa, awon sa'o'i huɗu ya tafi. Tun daga ranar nake rubuta kowane awo a fayil yayin da yake shigowa, ko a TDMS, tsarin da kamfanin National Instruments ya yi domin irin wannan aiki, ko a fayil ɗin rubutu da Excel zai iya buɗewa.

Ga aikinka na Marwa, abin da nake ganin ya fi shi ne ka bar allon bibiya a cikin madauki domin ka riƙa leƙa shi ka tabbatar waya ba ta cire ba, kowane awo kuma ya shiga fayil tare da lokacinsa. Da yamma sai ka karanto fayil ɗin ka zuba shi a allon nazari, inda za ka iya jan alamar nuni zuwa tsakar rana ka karanta zafin faifan daidai. Kada kuma ka riƙa ƙara wa jeri tsawo da Build Array a kowane zagaye na tsawon yini, domin manhajar takan sake nema masa wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta, shirin ya yi nauyi. Idan dole ne ka riƙe awon a jeri, ka tanadi girmansa tun farko da Initialize Array, sannan ka riƙa sauya gurbi ɗaya bayan ɗaya da Replace Array Subset.