Baƙanta zanen tsohuwar aska: lemun tsami ko fenti?

A Tahoua har yanzu akan ga tsohuwar aska ƙirar garin Thiers na Faransa ko Solingen na Jamus a zabirar wanzami, tsatsa ta rufe zanen da aka sassaƙa a jikinta. In an goge tsatsar, zanen kan fito fari fat. Hanya biyu ake maido masa baƙinsa.

Ruwan lemun tsami ƙarfen kansa yake rinawa. A fara rufe bakin askar da jan farce, don tsami yana cin kaifi. A ɗiga a kan zanen, a jira ya yi duhu, a wanke da ruwan kanwa ya kashe tsamin, a busar, a shafa mai. Sannan a bi saman da takardar yashi mai laushi sosai (lamba 2000) a hankali, baƙin ya saura cikin ramin kawai. Yana daɗewa. Amma in zanen ba shi da zurfi, gugar nan za ta share shi, kuma ba ya dawowa.

Fentin mai kuwa cusa shi ake yi a ramin, a share na sama. Ba ya cin ƙarfe, sai dai wanki yana koɗar da shi.

Askar gado, wadda hannun kaka ya riƙe, ni fenti nake sa mata.