Ɗakin kyamarori ko rigar na'urori, wanne ya fi sakar wa mai rawa mara?

In za a ɗauki rawarka a ɗora wa mutum-mutumin da ke cikin kwamfuta, akwai manyan hanyoyi biyu. Akwai ɗakin kyamarori irin na kamfanin Vicon, a manna maka 'yan ƙwallaye masu sheƙi a gwiwa da kafaɗa, motsin yana fita tsaf, amma fa kana tsare a fili ɗaya, kuma da ka rungumo abokin rawa ƙwallayen sun ɓoyu, sai hoton ya rikice daidai inda shauƙin yake, wannan abin yana min ciwo wallahi. Rigar Xsens kuwa ƙananan na'urori 17 ne masu auna motsi a jiki, ba ruwanka da kyamara, ka yi birgima ka fita waje ma, sai dai a hankali matsayinka yana zamewa a allo. Ni dai rigar zan ɗauka, jikina ya sake.