Sayen Na'urar Kunna Faifai Ta Hannu: Dalilin Da Ya Sa Nake Zaɓar Oppo BDP-105

Mutumin da ya tara faya-fayan kiɗa na SACD da DVD-Audio, waɗanda aka yi domin ingancin sautinsu ya zarce na CD, ga kuma na finafinai na DVD da Blu-ray, yakan kai ga lokacin da zai gaji da jera na'urori uku ko huɗu a kan kanta, ya fara neman guda ɗaya da za ta karanta su duka. Irin wannan na'ura ta yi ƙaranci a shagunan sababbin kaya, domin yawancin kamfanonin da suka yi suna da ita sun janye daga harkar, saboda haka mai nema ba shi da mafita sai ya koma ga ta hannu, ko dai cikin kayan tokumbo da ke shigowa ta kasuwar Alaba a Legas su bazu zuwa Arewa, ko kuma ya aika wani ɗan'uwa ya sayo masa daga Ingila ko Amurka. Na bi hanyoyin biyu, kuma ɗaya daga cikinsu ta ci mini kuɗi.

Kafin a shiga batun kamfanoni, akwai abu guda game da cikin na'urar da ya kamata mai saye ya sani, domin a kansa ake yin yawancin cuta. Idon da ke karanta faifai yana amfani da hasken leza iri uku. Akwai mai tsawon zango nanomita 780 wanda ke karanta CD, akwai ja mai 650 wanda ke karanta DVD da DVD-Audio da SACD, sannan akwai shuɗi mai 405 wanda ke karanta Blu-ray. Kowannensu yana tsufa ne a lokacinsa, ta yadda na'ura za ta iya kunna fim na Blu-ray tsaf alhali jan haskenta ya kusa mutuwa. Shi SACD, wanda Sony da Philips suka fito da shi a 1999, yana ɗauke da sauti ne a tsarin DSD mai gudun megahaz 2.8224, wato ninki 64 na gudun CD, yayin da DVD-Audio ke kaiwa kilohaz 192 da bit 24 idan sautin na lasifika biyu ne. Wannan ƙarin ingancin shi mutum yake biya wa kuɗi, kuma gaba ɗayansa ya rataya ne a kan jan hasken nan.

Zaɓina shi ne Oppo BDP-105, kuma ba zan ɓoye ba. Kamfanin Oppo Digital na Kalifoniya ya fitar da ita a ƙarshen 2012 a kan dala 1,199, tare da ƙanwarta BDP-103 a kan dala 499. Abin da ya raba su ba ya ɓangaren hoto, domin a nan kusan abu ɗaya suke yi. Bambancin yana wajen sauti. Ita 105 tana da ƙwayoyin juya sauti, wato masu mayar da lambobin da ke kan faifai su zama sautin analog da amfilifaya ke aikawa lasifika, guda biyu na ESS Sabre ES9018, ɗaya an ware shi ga lasifika biyu kawai, ɗayan kuma yana kula da tsarin lasifika da yawa da ake kira 7.1, sannan ɓangaren sautin yana da nasa taransifoma mai siffar zobe, wanda yana cikin abin da ya sa nauyinta ya kusa kilo 8, alhali 103 ba ta wuce kilo 5 ba. A bayanta akwai ƙofofin jona wayar sauti irin na XLR ga mai amfilifaya da ke karɓarsu, a gabanta akwai ƙofar abin saƙalawa a kunne mai nata ƙarfin, kuma ba ta da fanka a ciki, saɓanin BDP-95 da ta gada. Wanda ya taɓa zama da daddare yana sauraron kiɗa mai sanyi, fanka tana yi masa gurnani daga cikin na'ura, ya san darajar wannan. A garin da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina kuma, rashin fankar da za ta riƙa zuƙo iska ta bi da ita ta cikin na'ura alheri ne na biyu.

Abin da ya fi ɗaure ni da ita shi ne ba ta dogara da faifai kaɗai ba. Tana karɓar sauti daga kwamfuta ta USB, tana da mashigar optical da coaxial, tana da mashigar HDMI biyu da mutum zai iya jona dikoda ko wata na'urar, sannan tana kunna fayilolin kiɗa na FLAC da WAV da DSD daga ma'ajiyar da aka soka mata. Ma'anar wannan ga mai sayen tsohuwar na'ura babba ce: ranar da idon ya mutu, kuma zai mutu, ba a bar ka da akwatin ƙarfe na banza ba, domin rabin kuɗinka yana cikin ɓangaren sautin da ba ya juyi balle ya lalace da wuri. Rauninta guda ne, ba ta kunna faifan 4K, wanda hotonsa ya fi na Blu-ray na yau da kullum kaifi. Tana iya ɗaga hoton Blu-ray ya cika allon 4K, amma faifan 4K kansa ba ta san shi ba. Ni dai kiɗa na fi saurare, don haka wannan bai taɓa hana ni barci ba. Wanda amfilifayarsa ke karɓar HDMI, kuma a can ake juya sautin, bai kamata ya biya kuɗin 105 ba, 103 ta ishe shi, domin ta wayar HDMI abu ɗaya suke turawa.

Oppo UDP-203 da UDP-205 su ne masu kunna 4K, an sayar da su sababbi a kan dala 549 da 1,299, kuma na'urori ne masu kyau. Sai dai tun da kamfanin ya sanar a watan Afrilun 2018 cewa ya daina ƙera sababbi, farashin na hannu ya haura na sabuwa, musamman 205, kuma ban ga hikimar biyan ninki a kan kayan da aka riga aka mora ba. Sony UBP-X800 da X800M2 suna da araha kuma suna kunna SACD da DVD-Audio da 4K, amma ba su da mafitar sauti ta analog ko ɗaya, ba su da allon rubutu a gaba, sai ka kunna talabijin kafin ka san waƙa ta nawa kake ji. Cambridge CXUHD ita ma ba ta da mafitar analog. Panasonic UB820 da UB9000 sun ƙware a hoto, amma ba sa kunna SACD ko DVD-Audio, don haka ba su cikin wannan magana, duk abin da mai shago zai faɗa. Pioneer LX500 da LX800 nagari ne idan an same su, samun ne aiki. Tsofaffin Denon da Marantz na zamanin DVD kuwa shekaru sun yi musu yawa.

Yanzu ga abin da ya same ni. Shekarun baya na je wani shago, aka fito mini da na'ura mai tsabta, har da rimot ɗinta na asali. Na tafi da faifan SACD guda, mai shagon ya karɓa ya saka, kiɗa ya tashi, muka gyaɗa kai, na biya. Sai da na isa gida na lura cewa allon gaba yana nuna CD ne. Faifan da na tafi da shi irin mai hawa biyu ne, wato a cikinsa akwai shimfiɗar SACD, akwai kuma ta CD domin ya yi aiki a kowace na'ura, kuma yawancin faya-fayan SACD da ke yawo haka suke. Idan jan hasken ya yi rauni ya kasa kama shimfiɗar SACD, na'urar ba ta cewa komai, sai kawai ta sauka kan ta CD ta ci gaba da kiɗa. Da na koma, sai aka ce ai a gabana aka gwada, kuma gaskiya ne, a gabana aka gwada. Ko mai shagon ya san halin da na'urar take ciki ko bai sani ba, Allah ne masani, amma yadda ya yi saurin karɓe faifan daga hannuna ya saka da kansa ya tsaya mini a rai.

Wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai ya ja baya, don haka tun daga ranar ba na zuwa gwaji da faifai ɗaya. Ana bukatar SACD mai shimfiɗa ɗaya, wanda babu CD a cikinsa, irin na farko-farko da Sony ta buga ko na Japan da ake kira SHM-SACD, domin shi ba ya ba na'ura wurin fakewa: ko ta karanta ko ta ƙi. Bayansa sai a saka mai hawa biyun a duba allo da ido a ga an rubuta SACD. A na'urorin Oppo akwai wuri a cikin saiti da ake zaɓar shimfiɗar da za ta fara karantawa, ta lasifika da yawa, ko ta biyu, ko ta CD, kuma mai wayo yana iya barinta a kan CD domin kada a ji tana ta kokawa da faifai. Mai saye ya karɓi rimot da hannunsa ya shiga wurin ya gani. Sannan a saka DVD mai tsawon fim a tsallaka zuwa ƙarshensa, a yi haka da Blu-ray, domin ƙarshen dogon fim yana kan shimfiɗa ta biyu, kuma a nan ido mai rauni yake fara tuntuɓe. A bar na'urar tana aiki aƙalla rabin sa'a, saboda akwai wadda take lafiya da sanyi, da ta ɗau zafi sai ta fara tsalle. A buɗe tiren da ake ɗora faifai a kai a rufe sau da yawa. Idan yana jan jiki, yawanci robar da ke jansa ce ta saki, wannan ƙaramin gyara ne da za a iya rage kuɗi a kansa. Ido kuwa wani lissafi ne dabam, domin na asali yana da wuyar samu, kuma waɗanda ake sayarwa a intanet da sunan sababbi da yawa ciro su aka yi daga matattun na'urori.

Cuta ta biyu ta fi ta farko rashin kunya. Akwai ƙananan akwatuna da ake ƙerawa a Sin waɗanda aka kwaikwayi manhajar UDP-203 aka saka musu, idan an kunna su hoton da ke fitowa a talabijin sak na Oppo ne. Fayiloli kawai suke kunnawa, babu wurin saka faifai a jikinsu sam. Masu talla a intanet sukan ɗora hoton allon talabijin da sunan Oppo, su ɓoye hoton akwatin. Duk wanda ba zai nuna maka bidiyon tire yana buɗewa, faifai ya shiga, allo ya nuna irinsa, tare da lambar jikin na'urar a cikin bidiyo guda ba tare da yankewa ba, to kada kuɗinka su bar hannunka. Haka kuma a duba sukurorin murfi: idan kawunansu sun cinye, an buɗe ta, sai a tambayi dalili. Wani lokacin dalilin mai kyau ne, an saka mata ɗan kayan lantarkin da ke cire takunkumin yanki, wanda zan yi bayaninsa a ƙasa, wani lokacin kuma mai gyaran rediyo ne ya murɗa ƙarfin leza domin ta yi aikin mako biyu a hannun mai saye kafin ta ƙone gaba ɗaya.

Batun yanki shi ma yana kama mutane, domin an raba duniya yanki-yanki, kuma na'urar wani yanki takan ƙi faifan fim da aka kulle wa wani yankin. Najeriya da Nijar suna yanki na 5 a DVD, suna rukunin B a Blu-ray, tare da Turai. Na'urar da aka sayo daga Amurka tana yanki na 1 da rukunin A, saboda haka za ta ƙi yawancin finafinan da aka buga domin Ingila ko Faransa. Ta Ingila ta dace da mu a Blu-ray, a DVD kuwa tana yanki na 2. SACD da faifan 4K ba su da wannan takunkumi. Idan mai sayarwa ya ce an buɗe ta tana cin kowane yanki, gani ya kori ji, a saka faifan wani yankin a gabansa.

Sai wuta. Tamu bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. A bayan BDP-105 akwai ɗan makunni da ake turawa tsakanin 115 da 230, kuma wadda ta fito daga Amurka a kan 115 za ta iso, don haka a duba shi kafin a soka waya ko da sau ɗaya, domin ɗokin gwada sabon kaya ya ƙona na'urori da yawa a daren farko. Yawancin na Sony da aka yi domin kasuwar Amurka 120 kaɗai suke karɓa, sai da taransifoman rage wuta. Ko an dace da wannan, ban yarda a jona irin wannan na'ura kai tsaye a wutar NEPA ko ta janareta ba tare da sitabilaiza ba, kuma kuɗinsa ya kamata ya shiga lissafi tun kafin a fara ciniki. Haka ma rimot, domin akwai saitin da ba a kaiwa gare shi da maɓallan gaba, kuma na asali idan ya ɓata sai an yi odarsa daga waje. Wadda nake amfani da ita yanzu daga Ingila ɗan'uwana ya sayo mini, bayan na aika masa da faifan gwaji ya je gidan mai sayarwar ya saka da hannunsa, kuma idan hunturu ya kama ina rufe ta da mayafi duk lokacin da ba ta aiki.