K98k mai tabon Rasha da mai lamba ɗaya tsaf: wacce ce jabu?

Ɗan'uwa, ka ce an nuna maka K98k guda biyu, bindigar sojan Jamus ta Yaƙin Duniya na Biyu. Ɗaya lambobin da ke kan sassanta sun saɓa, ga alamar X a jikinta, ƙotarta ta yi ja tana sheƙi. Ɗayar kuwa fes, an buga mata byf 43, wato alamar masana'anta da shekarar 1943, kowane ƙarfe da lamba iri ɗaya. Kana tambaya ko ta farkon ce jabu. Ni dai ta biyun ce ta sa ni ɗar-ɗar.

Ta farkon ba ta ɓoye komai ba. Sojojin Sobiyat sun kwashi irinta da yawa a matsayin ganima, su ne kuma suka buga alamar X ɗin. Bayan yaƙi aka wargaza su, aka sake rina ƙarfen baƙi, aka harhaɗa ba tare da kula da wane ƙarfe ne na wace bindiga ba. Shi ya sa za ka ga an zana lamba a kan sakata, wato ƙarfen da ake ja a ɗora harsashi, da alƙalamin lantarki, rubutu kamar tsattsagin kaza. Ƙotar an shafe ta da shelak, wato wani man shafa katako mai sheƙi, an buga mata lamba a gefen hagu na gindi. Sau da yawa an daddake alamar Nazi da ke ƙarƙashin hatimin gaggafa, sandar goge bututu ma babu. Wannan duk gyaran ma'ajiyar soja ne, kuma shi ma tarihi ne. Darajarta ba ta kai ta wadda ba a taɓa ba, amma abin da ka gani shi ka saya.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne, irin wannan ta farkon ce ake mayarwa ta biyun. A wanke shelak ɗin, a goge tsohuwar lamba da magagari, a buga sabuwa, sai a ce maka haka ta fito daga masana'anta. To ka ɗauki sakatar ka fita da ita hasken rana, ka karkata ta. Bi da farcenka a gindin hannunta, inda lambar take. Idan ka ji wajen ya ɗan lotsa kamar cokali, an ci ƙarfe a nan. Sa gilashin ƙara girma ka gwada siffar 2 da 4 da 7 na sakatar da na gangar jikin: masana'anta tana da salon lambobinta, maƙerin ƙarya kuwa da wuya nasa su dace. Ka kuma duba bakin kowane hatimi. Ƙarfen da ya sha hannu shekara 80 ya yi sumul, hatiminsa ma ya goge tare da shi. Hatimi mai kaifi a kan ƙarfen da ya goge, ko wanda ya hau kan ramin tsatsa, daga baya aka buga shi. Gefen hagu na gindin ƙota ma ka shafa, ko an kankare lambar Rasha.

Sai lissafin haruffa, inda ramin ƙarya yake ƙurewa da wuri. byf alamar masana'antar Mauser ce ta Oberndorf, daga 1941 aka fara amfani da ita, don haka byf 39 babu ita a duniya. A kan byf 43 ana sa ran ganin ƙaramar gaggafa da lamba 135 ta masu duba makamai. Alamar bnz ta masana'antar Steyr ce, dot kuma ta masana'antar Brno. Kuma da yaƙi ya yi nisa, wajen 1944, Jamusawa sun rage buga lamba a ƙananan ƙarafa. Bindigar ƙarshen yaƙi da kowane kusa ke ɗauke da lamba ta yi kyau fiye da kima. Alamar SS, rundunar musamman ta Nazi, da ta ƙoƙon kai kuwa, ni ina ɗaukarsu ƙarya ne har sai ƙwararre ya riƙe da hannunsa.

Wannan awon yana aiki a kan bindigar Lee-Enfield No.5 ta Ingila, wadda aka ƙera daga 1944 zuwa 1947 a masana'antun Fazakerley da Shirley. Ta gaske an rarake mata ƙarfe a gindin bututu da gangar jiki don rage nauyi, ma'aunin saitinta ya tsaya a yadi 800. Ta jabu, wadda aka yanko daga doguwar yayarta No.4, ba ta da wannan rarakar, saitinta kan kai 1300.

Ba a cinikin biri a sama, don haka kada ka yanke hukunci da hoto biyu. Ka nemi a zare sakatar byf 43 ɗin, a cire ƙarfen daga ƙota ka ga lambar da ke cikin kwarin katakon. In mai ita ya ƙi, ka ɗauki mai X ɗin. Tunda sakatarta ba tata ce ta asali ba, ka kai wa gwanin gyaran bindiga ya auna yadda sakatar ta zauna a bayan harsashi kafin a ce za a harba.